Wuƙar da Ke Gudu a Hannun Inna

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar da ka ce tana damunka in ka hau bene? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. In na kira ka, kafin in gama sallama ka ce ana jiranka a taro. Ita kuma Inna, da ba ta jin kira in lokacin shan magani ya yi, tana jin duk abin da aka faɗa a waya ko daga ƙofar gida ne. Abin da zan gaya maka kuwa ba na so ta ji ni ina faɗa.

Sau uku kana tambayata abin da ya sa Inna ta rame, ina ta kewaye-kewaye ina cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne kaɗai. Da hannuna a ciki.

Ka san tun da na yi ritaya, ga kuma rasuwar uwar yarana, na dawo gidan nan wai in kula da Inna, alhali ita ce ke kula da ni. Zaman banza ya ishe ni. Shekara talatin da biyu ina buga hatimi a takardun mutane, ban taɓa yin wani abu da za a ɗauka a hannu a ce ga shi ba. Sai na shiga kallon masu ƙira a waya, abin ya shiga raina. Na samo guntun ƙarfen layin dogo a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa na mai da shi uwar maƙera, na shafe tsohon wilin mota da yumɓu ya zama murhu. Zugazugina kuwa, kada ka yi dariya, abin busar da gashi ne na marigayiya. Na kafa su a lungun nan na bayan kicin inda Baba yake ajiye kekensa. Mai waldan bakin titi, wanda ya yanka mini ƙarfen, tun ranar yake kirana Sarkin Maƙera, ni da ko ƙusa ban taɓa miƙarwa ba.

To, ka tuna baƙar wuƙar Inna, mai ƙotar itace da ta yi sulɓi, wadda ta girme mu duka? Wata rana na ɗauke ta na duba, na ga gefe ɗaya a miƙe yake sak, ɗayan kuma ya yi gangare. Na ce a raina tsufa ne ya cinye ta ɓangare ɗaya, bari in daidaita mata ita ta ga amfanin ɗanta. Na bari ta tafi dubiya, na kai wuƙar kan injin washi. Ban san ana yi ana tsomawa a ruwa ba. Kafin in ankara bakin ya yi shuɗi, ya yi laushi, in ka danna shi da farce sai ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Maimakon in tsaya a nan, sai na ce ai na ga yadda ake mayar wa ƙarfe taurinsa. Garin cire ƙotar na tsaga ta. Na sa wuƙar a wuta ta yi ja, na tsunduma ta a ruwan sanyi. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙarami ƙwarai. Da na ɗago awartaki, rabin wuƙa ne a bakinsa.

Da Inna ta yi faɗa da na ji daɗi. Ta karɓi guntayen, ta naɗe su a tsumma, ta ce da ni, “Sannu da aiki.” Shi ke nan.

Washegari na sayo mata wuƙaƙe uku a kasuwa. Ta ce ba su da nauyi, ƙotarsu kuma tana zamewa, ka san yadda sanyin ƙashi ya ɗaure mata yatsu. Duk da haka ta gwada ɗaya, ta yanke manunin yatsanta na dama har sai da na ɗaure mata shi. Daga ranar ba ta ƙara girki ba, yau mako bakwai ke nan. Abincin saye muke ci, ta yi cokali biyu ta ture. Likita ya auna komai ya ce bai ga wani ciwo ba. Wuni take yi a kujerar nan ta baranda, tana fuskantar ƙofar kicin, hannuwanta a kan cinya.

Ban san me nake so ka yi ba. Na dai gaji da riƙe maganar ni kaɗai. Ka gai da mutan gidan duka, ka shafa mini kan ƙaramarku.

Naka,
Yayanka


Ranar Laraba

Auta,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, da magungunan ƙarin jini. An gode, Allah ya bar zumunci.

Na karanta shawararka, ban kuma ji haushi ba. Gaskiyarka ce, wurinka akwai asibiti kusa, akwai mai aiki, akwai yara da za su ɗebe mata kewa. Amma kai ma ka san abin da ta sha faɗa, cewa ba za ta bar gidan nan da ƙafarta ba. Ka ɗora ta a hawa na huɗu, inda ba ta da tukunya ko ɗaya tata, ina tsoron abin da ya rage nata ma zai tafi. Ka ce ƙarshen watan gobe za ka turo mota in ba ta farfaɗo ba. Na yarda. Ka bar mini waɗannan makonnin, ina so in ƙera mata wata wuƙar da hannuna, tunda hannuna ne ya yi ɓarnar.

Na samo sifirin mota, an ce shi ne ƙarfe mai kyau. Ta farko ko wuƙa ba ta zama ba. Na bar ta a wuta na je ɗauko ruwan sha, na dawo na tarar tana tartsatsi, tsinin ya narke ya bi gawayi. Ta biyu na yi kwana huɗu ina dukanta. Ashe in kana buga gefen kaifi kaɗai, ƙarfen baya yake lanƙwasawa, sai ga ni da abu kamar ayaba. Na kai wa mai walda, ya juya ta, ya juya ta, ya tambaye ni ko lauje na yi niyya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma mutumin kirki ne. Shi ya gaya mini irin wannan ƙarfen ba a ruwa ake tsoma shi ba, a mai ne, ya ba ni galan na baƙin mai. Ya ce in riƙa taɓa shi da maganaɗisu, in ya daina kamawa to zafin ya isa. Bayan an tsoma kuma a sake ɗumama shi a hankali har ya yi kalar busasshiyar ciyawa, in ba haka ba zai fashe kamar kwalba. Da na san wannan wata biyu da suka wuce, da yanzu ba na rubuta maka takarda.

Ta uku ta yi, Auta. Wallahi ta yi. Na goga mata magagari ya zame bai kama ba, alamar ta yi tauri. Na tuna tsohuwar kaifinta gefe ɗaya ne, na ce tunda haka Inna ta saba, haka zan yi, na fitar da gangaren a gefen da ya zauna mini daidai. Ƙotar kuma na sassaƙa ta da itace mai nauyi, na yi wa kowane yatsa gurbinsa, ina yi ina gwadawa a hannuna har ta zauna daram. Na aske gashin hannuna da ita. Rabon da in yi murna irin ta ranar har na manta.

Na kai mata a baranda. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta tashi ta shiga kicin ta tura ƙofa, yadda ta saba tun muna yara, ba ta son namiji ya tsaya mata a kai. Na tsaya a waje ina jira. Ba a yi minti biyar ba ta fito ta miƙo mini ita.

“Tana gudu,” in ji ta.

Na tambaye ta gudu kamar yaya. Ta ce in ta sa ta nan sai ta tafi can. Na shiga na ɗauki albasar da ta bari, na yanka, wuƙa ta bi sak kamar an ja layi. Na nuna mata. Ta dube ni, ta dubi albasar, ta koma kujerarta.

Zan sake wata. Wataƙila ta yi mata kauri. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai, sai na shafa man zafi nake iya sa riga, amma kada ka gaya wa kowa. Ka gai da maiɗakinka, ka ce na gode da addu’a.

Yayanka


Ranar Litinin

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsuna biyu sun ƙone, alƙalamin da ƙyar nake riƙe shi.

Ba ni da labari mai daɗi. Na yi ta huɗu, na sirantar da ita. Ta ce tana gudu. Na yi ta biyar, na gajarta ta, na rage nauyin ƙotar, na wasa ta har ina ganin fuskata a jikinta. Ta ce tana gudu. Hannuwana biyu yanzu ba gashi ko ɗaya, duk na aske wajen gwaji, mai walda ya ce in na gama da su in zo ya ara mini ƙafarsa. Maƙwabcinmu na bayan katanga ya aiko a gaya mini ƙarar guduma tana hana jaririnsu barcin rana. Abin busar da gashin ma ya ƙone, na zauna ina kallonsa kamar an sake yi mini rasuwa, ban san zai taɓa ni haka ba. Yanzu da ƙaramar fanka nake hura wuta.

Ranar Alhamis na yi abin da nake jin kunyarsa. Da ta miƙo mini ta biyar ɗin, raina ya ɓaci, na ce mata in horo take yi mini ta faɗa, na san na yi laifi, amma wuƙar nan ba abin da ya same ta, ba kuma zan iya ta da wadda ta mutu ba. Na ɗaga mata murya, Auta. Ni, da furfurata. Ta gyara mayafinta kawai. Na ba ta haƙuri daga baya ta ce ba komai, ka kuwa san irin ba komai ɗin Inna.

Ina jin ta fahimci maganar motar, ko da yake ban gaya mata ba. Shekaranjiya na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a akwati. Jiya kuma ta kira matar maƙwabci ta ba ta babbar tukunyarta, wadda ko taɓawa ba ta bari a yi. Na tsaya ina kallo aka fita da ita.

Na gaji. Na fara tunanin ba wuƙa ce matsalar ba, ta dai saki komai ne, ni kuma ina ta dukan ƙarfe don kada in zauna in dube ta. Ka turo motar ranar Asabar ta sama kamar yadda ka ce. Ka sa direban ya zo da matashin kai, bayanta ba ya son doguwar tafiya.

Allah ya sa haka ne mafi alheri. A gai da yara.

Yayanka


Ranar Juma’a

Auta, ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gai da iyali, da fatan kowa yana lafiya. Wannan takardar hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya don ta riga direbanka tashi. Ka samu wuri ka zauna ka karanta, taron ya jira.

Kafin komai ina da tambaya. Da wane hannu Inna take yanka? Kada ka yi saurin amsawa. Ni shekarata hamsin da tara ina cin abin da ta yanka, ban sani ba sai ranar Talatar nan.

Na shiga lungun bayan kicin da hantsi don in kwashe kayan ƙirar in kai wa mai walda, na haƙura da su. Ina durƙushe ina tattara gawayi sai na ji motsi ta ƙaramar tagar nan. Na leƙa. Inna ce a tsaye, ta ɗauka na fita, ta ɗauko wuƙa ta biyar daga inda na jefar da ita, ga dankali ɗaya a kan katako. Ta riƙe dankalin da dama. Wuƙar tana hannun hagu. Ta danna, wuƙar ta zame ta yi waje. Ta gyara ta sake dannawa, ta sake zamewa. Guraben yatsun da na yi ta alfahari da su duk sun juya mata baya, tudun yana tokare mata tafin hannu. Sau shida na ƙirga tana gwadawa, sannan ta ajiye ta share ido da bakin mayafi. Ashe ba saki ta yi ba. Kullum na fita sai ta gwada.

Na zauna a kan gawayin nan, da farar rigata, na kasa tashi. Wuƙa mai kaifi gefe ɗaya hannu ɗaya take yi wa aiki. Gefen da yake a miƙe shi ke bin abin da ake yankawa, mai gangaren ya ture yankakken waje. In ka sauya hannu komai ya juye, sai ta yi ta zamewa. Ni na yi wuƙa biyar, duk na auna su da hannuna. Kuma ni ne na ɗaure mata yatsa ranar da ta yanke, yatsan dama, ban tsaya na tambayi kaina yadda mai yanka da dama zai yanke damansa ba.

Na je bakin titi na gaya wa mai walda. Karon farko bai yi dariya ba. Ya ce in je in juya gangaren, ya kuma rufe shagonsa ya zo ya riƙe mini awartaki, don kafaɗata ta ƙi. Kwana biyu muka yi muna ƙera ta shida. Ba ta yi kyau ba, duk sawun guduma ne a jikinta, ba lokacin gogewa.

Da aka zo ƙota sai na ce ba zan sake aunawa da hannuna ba. Na cura yumɓu kamar kaurin ƙota, na je baranda na durƙusa gabanta na ce ta matsa mini. Ta miƙo dama. Na ce ɗayan nake so. Auta, ka ga yadda ta janye hannun nan ta cusa shi ƙarƙashin mayafi, tsohuwa mai shekara tamanin, kamar yarinyar da aka kama da laifi. Na ce mata na gani ta taga, ban kuma ga abin kunya ba. Mun daɗe a haka kafin ta fito da shi ta matsa yumɓun.

A nan ta ba ni labarin da ba mu taɓa ji ba. Ta ce da hagu aka haife ta. Gwaggon da ta riƙe ta takan ɗaure mata hannun a baya, in ta manta ta miƙa shi a buge shi da ludayi. Ta koyi ci da dama, karɓa da dama, gaisuwa da dama, komai da dama, wuƙa ce kaɗai ta ƙi. Shi ya sa take rufe ƙofar kicin, mu kuwa muna cewa tsabar son mulki ne. Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce ina, ai ba ta taɓa bari ya gani ba. Sai dai ta tuna, satin farko da aurensu ya ɗauki wuƙar ya fita da ita, ya dawo da yamma ya ajiye bai ce komai ba, daga ranar kuma wuƙar ta riƙa bin hannunta. Ita ta ɗauka washi kawai ya kai aka yi.

Na ce mata ba washi kawai ba ne. Na yi mata bayanin gangaren, na ce wuƙa ba ta yin haka da kanta, sai an je an ce wa maƙeri ga hannun da za a yi wa. Abin da na ɗauka tsufa ne ya cinye, na kai kan inji na goge, aikin Baba ne. Ya gani a mako ɗaya, ya gyara, ya yi shiru har ya koma ga Allah.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta na hagu, da sauran yumɓu a jiki. Can ta ce, “Ashe ya sani.” Ni ne na tashi na koma lungu, don ban iya zama ba.

Yau da safe na gama ƙotar, na bi sawun yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na kai mata. Ta karɓa da hagu, a gabana. Ta shiga kicin, ba ta kuma tura ƙofar ba, sai na bi ta na tsaya daga bakin ƙofa. Ta yanka albasa ɗaya, a hankali. Ta juya wuƙar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ba ta kai waccan ba, kuma ta cika muni. Sannan ta jawo albasa ta biyu.

Tana cikin ta uku ta ɗago ta gan ni. Ta ce in tashi in ba ta wuri na tsaya mata a kai, in kuma ba ni da aikin yi in je gidan maƙwabci in karɓo mata tukunyarta, aro ta bayar ba kyauta ba. Na je, da kunyata da komai, na karɓo.

Ba zan yi maka alkawarin ta warke ba. Rabin faranti ta ci da rana, ta kuma gaji har sai da ta kwanta. Akwatin ma yana nan ba ta kwance shi ba. Amma ka dakatar da direban. In motar za ta zo, ta zo da kai a ciki, ko na kwana biyu ne. Akwai ƙaramar kujera a bakin ƙofar kicin, daga nan ana ganin hannunta sosai. Za ta kore ka, amma sai ka riga ka gani.

Ka zo mini da man zafi mai kyau, kafaɗar nan ta ƙi sauka. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya wa maiɗakinka kada ta kawo abinci.

Ni ne naka har kullum,
Yayanka